Bindiga Mai Jan Zare

A gidan Niamat Ali, can bayan layin dogo a garin Sargodha, ba a taɓa sayen bokiti da kuɗi ba. Akwai ja, akwai kore, akwai mai ruwan ƙwai da aka shuka na'ana'a a ciki, akwai shuɗi wanda kyanwar maƙwabta ta mayar ɗakin haihuwa. Da 'yarsu Nasrin za ta tare, an haɗa mata bokitai a cikin kaya har surukarta ta tambaya ko wanki za ta buɗe, amma gidan bai ji an rage komai ba.

Dukansu daga mela suka zo, bikin nan na shekara da ake yi idan an gama yankan alkama. Mutane suna zuwa don su ga masu babur suna zagaye bangon rijiyar katako, ko ɗan maraƙin nan mai kai biyu da ke cikin kwalba. Niamat ma yakan tsaya wajen maraƙin, don ya duba ko kan hagu ya fi na dama tsufa a bana. Daga nan sai ya wuce rumfar Dulla, inda ake ba mutum bindigar iska ya harbi balan-balan da aka jera a jikin allo. Wanda ya fasa layi guda babu kuskure, bokiti nasa ne.

Bindigogin Dulla uku ne. Tun Niamat yana saurayi ya ɗauki wadda aka ɗaura wa jan zare a wuya, don kawai zaren ya yi masa kyau, kuma daga ranar bai sake taɓa wata ba.

Yana da wani sirri. A zuwansa na farko ya lura idan ya saita balan-balan sosai, ta hagunta ce take fashewa. Ya tafi da wannan abu wurin aikinsa. Shi mai tsaron ƙofar jirgin ƙasa ne, yana sauke ƙarfe ya tare motoci, jirgi ya wuce, ya ɗaga, aikin da ke barin mutum da tunani mai yawa tsakanin jirgin safe da na la'asar. A nan ya gano dalilin. Zuciyar mutum a hagu take, to ƙwayar dalma idan ta bar bindiga sai ta karkata ɓangaren zuciyar wanda ya harba ta, kamar ɗan akuyan da aka sayar yana waiwayen gida. Saboda haka mai hankali dama yake saitawa kaɗan, ya bar wa ƙwaya wurin waiwaye. Kusan shekara arba'in yana saita maƙwabciyar dama, ta hagu tana fashewa, bokiti yana zuwa gida. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Yana ganin idan Allah Ya ba wani gona, Ya ba wani mota, shi wannan ne rabonsa.

Mai gonar kuwa yayan matarsa ne, Chaudhry Inayat, wanda ke da gonar lemon kinno a hanyar garin Bhalwal. Kowace Lahadi da safe a lokacin sanyi, dattawa abokansa sukan taru a gonar da bindigoginsu na iska, su rataye lemon da ya faɗo, su yi ta harbi suna tsokanar juna har rana ta kori hazo. Dokarsu biyu ce. Kowa da bindigarsa, babu aro, domin Chaudhry yakan ce bindiga da asuwaki ɗaya suke. Sabon shiga kuma ana ba shi ƙwaya uku da lemo guda. Idan ya samu lemon, ya samu wurin zama a kan gadon igiya da ke gindin bishiya. Idan bai samu ba, ga butar shayi can.

Niamat ya daɗe yana zuwa, amma da yake ba shi da bindiga, shi ne mai rataye lemo, shi ne mai zuba shayi. Janar na Bokiti suke kiransa. Yakan yi dariya tare da su, ya koma gida yana lissafin yadda zai yi da lemon nan da a ce an ba shi dama.

A sanyin da ya ajiye aiki, matarsa Sughran ta kwashi adashi. Ta kwance bakin gyalenta, ta ware masa wani abu a ciki.

"Abban Nasrin, ungo. Ka je ka sayi sandar taka mai tari, ko ma huta da labarin lemo. Abin da ke nan shi ke nan, ka ji. Kada ka dawo min da zancen saura kaɗan."

Ranar Lahadi ya kasa riƙe bakinsa. Yana zuba shayi ya faɗa. Chaudhry ya cire bakin lofensa, ya dubi jama'a.

"Kun ji, Janar zai sauko daga rumfa. To Lahadi mai zuwa ke nan. Amma ka sani, Niamat, lemo ba ya kumbura ya tarbi harsashi kamar balan-balan. Idan ka kuskure, buta taka ce har ƙarshen zamani, ba kuma zancen sake gwadawa."

"Na ji, Bhai ji," in ji Niamat, wato Yaya ke nan, ya cika masa kofi har ya tumbatsa.

Ranar Litinin ya shiga layin masu bindiga, inda ƙamshin man inji da na sabon katako suke haɗuwa da na jalebi, kayan zaƙin da ake soyawa a bakin layi. Ya zaɓi shagon Haji Munir don akwai aku a ƙofar, mai ƙafa ɗaya, wanda ya koyi kwaikwayon ƙarar bindigar iska har masu wucewa suna sunkuyawa.

Haji Munir mutum ne mai gemu ja da lalle, mai magana a hankali. Ya ture masa kujera da ƙafa.

"Bismillah, Baba ji. Tsuntsu ko gwangwani?"

"Lemo."

"Lemo ba shi da fiffike, lamba ɗaya ta ishe ka. Ƙwayarta ƙarama ce, tana tafiya miƙe, ga arha. Lamba biyu ta masu tsoron kurciya ce. An taɓa riƙe bindiga?"

"Shekara arba'in," in ji Niamat.

Haji ya dube shi da girmamawa, ya buɗe akwatin gilashi ya fito da wata baƙa mai sheƙi, 'yar Jamus, irin wadda Chaudhry yake da ita. Niamat ya karɓe ta da hannu biyu, ya shinshina katakon. Ƙamshin ƙasar da bai taɓa zuwa ba ne, ƙasa mai ruwan sama da agogo. Haji ya faɗi kuɗinta ƙasa-ƙasa, kamar mai sanar da rasuwa. Niamat ya mayar masa da ita a hankali don kada ta farka.

"Kallo kyauta ne," in ji Haji. "Ga 'yar Turkiyya, rabin waccan. Karya ta mu gani."

Irin waɗannan bindigogi sai an kama bakin an lanƙwaso shi ƙasa har sifirin ɗin ciki ya ɗanu, sannan a sa ƙwaya a mayar. Niamat ya dafa gindinta a cinya, ya ja. Ba ta motsa ba. Ya sa hannu biyu, ya rataya da dukan nauyinsa, jijiyar wuyansa ta tashi, hularsa ta faɗi. Aku ya yi ƙarar harbi.

"Bari, Baba ji, kada mu shiga uku da iyalinka. Bindigar da sai ka kira maƙwabci kafin ka ɗana ta, ta maƙwabcin ce."

Sai 'yar China mai madubi a bisa. Niamat ya sa ido a madubin, ya juya ta waje ta taga, sai ga wani hankaka a kan hasumiyar masallaci ya zo masa dab da hanci, yana sosa kai da ƙafa, idonsa kamar na mai tunanin bashi. Ya daɗe yana kallon hankakan. Ya tambaya ko ana sayar da madubin shi kaɗai.

Haji ya yi dariya. "Kowa shi yake fara so. Amma in faɗa maka gaskiya, madubi mai arha ba ya jure girgizar sifirin. Bayan wata guda zai riƙa nuna maka Lahore alhali Multan kake harbi. Mai farawa ya bar madubi, ya koyi saitin ƙarfe. Zo ka ga 'yar gida."

Ya sauko da wata siririya daga bango, wadda aka ƙera a nan bayan layi, kotarta ta itacen shisham, an ɗan zana mata ganye a gefe. Niamat ya karya ta da hannu ɗaya, ta yi ƙas kamar an buɗe ƙofar ɗaki. Ya ɗora ta a kafaɗa, ta zauna.

"Ba ta da yanga," in ji Haji, "amma idan fatar cikinta ta cinye, kowane maƙeri a layin nan zai canja maka kafin shayinka ya huce. Kada dai ka harba ta babu ƙwaya a ciki, ba ta son haka." Ya faɗi kuɗinta da murya sosai, domin babu abin kunya a ciki. Ya yi daidai da abin da ke aljihun Niamat, har da ɗan canjin gwangwanin ƙwaya.

"Amma a shagon nan ba a biya sai an gwada. Mu je baya."

A bayan shagon akwai tsakar gida 'yar siririya, ƙarshenta bangon laka ne da dubban ƙwayoyi suka ci, har babu mai iya cewa wane rami ne na yau, wane ne na zamanin kakan Haji. A tsakiya an kafe murfin gwangwanin man shanu da ƙusa. Can gefen dama, a kan ɗan benci, akwai tulun ruwan sha da kofi a bisa.

Niamat ya gyara tsayuwa kamar a rumfar Dulla. Ya saita murfin, ya ɗan zame dama yadda ya saba, ya bar wa ƙwaya wurin waiwaye, ya taɓa kunama. Ƙura ta ɗan tashi a wani wuri a bangon. Murfin bai ce komai ba.

"Ta farko ta gaisuwa ce," in ji Haji.

Niamat ya yi tunani da sauri. Watakila zuciya idan ta tsufa takan ƙara ja, kamar tsohuwa da jikokinta. Ke nan ƙwayar ta wuce hagu da yawa. Ya ƙara zamewa dama. Shiru. Haji ya kawo wata 'yar gidan, ya ce ko wannan ta fi dacewa da kafaɗarsa. Shiru. Ya kawo 'yar China, ya cire madubin. Shiru. Gumi ya fara tsattsafo wa Niamat a cikin sanyin nan. Ya ce a ransa lallai yau zuciyar tana ja kamar saniya. Ya zame dama sosai, ya rufe ido ɗaya, ya harba.

Tulu ya yi tas. Wani siririn ruwa ya fito daga cikinsa ya yi baka, yana zuba a kan takalmin Haji.

Haji Munir ya dubi tulun, ya dubi murfin, ya auna tazarar da ke tsakaninsu da ido. Ya karɓi bindigar a hankali.

"Baba ji, ba don raini ba. Akwai likitan ido kusa da tsohon gidan sinima, surukina ya je an cire masa yana, yanzu har allura yake sa wa zare. Ka fara zuwa can. Bindiga ba ta gudu."

Niamat ya ce zai biya tulun, ya ɗauki hularsa ya fito. Aku ya harbe shi a baya.

A hanya ya yi ta gwada idonsa. Ya karanta rubutun bayan wata babbar mota tun tana nesa, ya hango tsutsa a bakin wani tsuntsu a kan waya. Komai yana gani, amma bai yarda ba, domin ya ji an ce ido idan zai tafi yakan yi wa mutum kirki na 'yan kwanaki. Abin da ya fi damunsa butar nan ce. Ya ga kansa da ita a hannu, ya tsufa ya ranƙwafa, jikokin Chaudhry suna miƙo masa kofi.

Ya tarar da Sughran a tsakar gida tana murza roti, gurasar alkama. Ta dubi hannunsa, babu komai.

"Ina sandar?"

"Babu sanda, uwar Nasrin. Idona ya ƙare. Murfin gwangwani kamar faranti, na kasa samu. Tulun mutane na fasa."

"Tulun yana kusa da murfin?"

"Ina fa. Can dama."

Ta juya roti a kan tanda. "Kai kuma ina ka nuna?"

Sirrin shekara arba'in ne, amma mutumin da idonsa ya ƙare me zai yi da sirri? Ya zauna a kan bokitin kore da aka kifa, ya rage murya, ya bayyana mata komai, zuciya da hagu da ɗan akuya mai waiwayen gida.

Sughran ta saurara har ƙarshe. Sai ta ajiye katakon murza roti, ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Rotin ya fara ƙonewa, ba ta kula ba.

"Wato ka nuna tulu, ka samu tulu, shi ne ka dawo kana makokin ido."

"Ban nuna tulu ba, na bar wa ƙwaya…" Ya tsaya.

"Abban Nasrin, kowace shekara ina tsaye a bayanka ina riƙe maka mayafi. Ina gani kana nuna wannan, waccan tana fashewa. Sauran mutane da sauran bindigogin abin da suke so suke nunawa. Mai jan zaren nan karkatacciya ce. Matar Dulla da bakinta ta faɗa min tun Nasrin tana goye. Duk matan unguwar nan sun sani, suna hana mazansu ɗaukarta."

"Kin sani, ba ki faɗa min ba?"

"Bokiti yana zuwa. Me zan faɗa?"

Niamat ya dubi bokitan da ke zagaye da tsakar gidan, ja da kore da shuɗi. Da ya fi son a ce idon ne. Ido kowa nasa yana tafiya, amma wannan fa? Ashe ba harbi ya iya ba, bindiga ɗaya tak ya iya a duk duniya, ita ma gurguwa. Ya faɗa mata haka, muryarsa a ƙasa.

Sughran ta cire ƙonannen rotin, ta shafa masa man shanu, ta ajiye a gabansa.

"To sai me? Ni ma shekara arba'in ina zaune da abu ɗaya karkatacce, na san inda ake nunawa a same shi. Kana jin aiki ne ƙarami? Ci abinci. Lahadi saura kwana nawa, za ka koyi miƙaƙƙiya kafin nan? Hannunka da kansa yake zamewa dama, ko gishiri ka miƙo min sai na matsa."

Ya ci rotin yana tunani. Kafin ya cinye ya tambaye ta inda Dulla yake zama idan ba lokacin mela ba.

A bakin magudanar ruwa ya same shi washegari, yana soya gyaɗa a cikin yashi mai zafi, sana'arsa ta lokacin sanyi. Dulla ɗan tsamurmurin tsoho ne mai haƙori ɗaya a gaba. Da ya hango Niamat sai ya rungume kaskonsa.

"Babu bokiti a nan, malam. Gyaɗa ce, ita ma ta sayarwa."

"Mai jan zare na zo saya, Dulla."

Dulla ya daina juya yashi. Ya dube shi da kyau, ya gane an sani. Ya share wuri a kan benci.

"Daga amalanken raƙumi ta faɗo, shekarar ambaliya, taya ta bi ta kan bakinta. Na ɗaura mata zare don in gane ta, in miƙa wa samarin nan masu zuwa da abokai suna cika baki. Sai ga ka, ban ma miƙa maka ba, ka ɗauka da hannunka. Na ce yau Allah Ya kawo min ɗan tsako. Kafin la'asar bokitina yana tafiya a kanka."

"To ka huta. Sayar min, bokitanka su zauna."

"Kai dai ba ka san kasuwa ba, shi ya sa ka ƙare a ƙofar jirgi. Idan ka tsaya kana fasa su ɗaya bayan ɗaya, kai da wannan hular taka, mutane taruwa suke yi. Kowane ƙato sai ya ce idan wannan ya iya, ni ma zan iya. Bayan ka tafi har dare ina karɓar kuɗi. Bokitinka shi ne talla mafi arha a duk mela."

Suka yi ta ja, suna ɓare gyaɗar da ba a biya ba. A ƙarshe Dulla ya shiga ɗakinsa na kwano, ya fito da ita a naɗe cikin tsohon buhu. Sharaɗinsa ɗaya ne. Kowace mela Niamat zai zo da ita ranar farko, ya fasa layi guda a gaban jama'a, amma babu bokiti. Kuɗin da ya karɓa kuwa bai kai na akuya marar lafiya ba.

Niamat ya biya ta shagon Haji Munir, ya biya tulu, ya sayi gwangwanin ƙwaya lamba ɗaya. Haji ya ɗaga bindigar ya leƙa ta cikin bakinta zuwa haske, ya yi salati a hankali.

"Wannan ai kwana take sha. Bar min ita zuwa gobe, in sa a miƙe maka ita."

"A'a, Haji sahib. Sabuwar fata da ɗan mai kawai. Kada a taɓa mata hali."

Sauran kuɗin ya mayar wa Sughran. Da ta ji babu sauran bokitin mela, sai ta yafa gyale ta fita. Ta dawo da bokitin ƙarfe mai nauyi, irin wanda ta ce tun tana amarya take so, amma ta rasa bakin faɗa a gidan da roba ta cika. Sauran kwanakin kuma a kan soro suka yi su, tana rataye masa albasa a igiyar shanya, yana matsawa baya kaɗan-kaɗan, domin ya lura idan nisa ya ƙaru waiwayen ma yana ƙaruwa.

Ranar Lahadi hazo ya kwanta a gonar, lemo yana leƙowa ta cikinsa kamar fitilu. Dattawa suna kan gadon igiya cikin barguna, kowa da bindigarsa a cinya. Da Niamat ya kwance buhun, sai wani tsohon malamin makaranta a cikinsu ya gyara tabarau.

"Wannan ba ta Dulla ba ce? Har da zarenta."

Dariya ta tashi har da masu tari. Chaudhry ya share hawaye da bakin rawani.

"Ƙanwata ta ba ka kuɗin bindiga, ka sayo mata sandar kora kaji. To bismillah. Yau ni zan rataye lemon da kaina, kada a ce Janar ya yi wa kansa sauƙi."

Ya rataye shi a reshe, ƙarami ya zaɓa. Niamat ya karya bindigar, ta yi kukan da ya sani, ya sa ƙwaya. Da ya ɗaga ta sai ya ji idanun mutanen nan duka a bayan wuyansa, kuma dukansu sun san saiti. Za su ga yana nuna iska. Kunya ta kama shi. Ya saita lemon sosai kamar kowa, ya harba. Wani ganye can hagu ya faɗo yana juyi.

"Ɗaya," in ji Chaudhry. "Wani ya duba ko ruwan butar ya tafasa."

Niamat ya sa ta biyu. Ya ja numfashi. A rumfar Dulla kullum akwai maƙwabciya a dama da zai nuna, a nan kuwa babu komai sai hazo. To sai ya hura wata a ransa, ja, mai sheƙi, ya rataye ta a gefen lemon, ya ƙara mata 'yar tazara saboda nisa. Bakin bindiga ya bar lemon ya tafi wurinta.

"Lemon yana nan, Niamat," in ji malamin makaranta. "Can Bhalwal ne."

Ya taɓa kunama. Lemon ya yi tsalle a kan zarensa, ya fara juyawa, ruwa yana fita ta gefe biyu. Ƙamshinsa ya iso gadon igiya kafin kowa ya yi magana.

"Sa'a ce," in ji Chaudhry.

Niamat ya sake karya bindigar. Ya sa ta uku, ya jira lemon ya daina lilo, ya sake nuna iska. Wannan karon rabin lemon ne ya faɗo ƙasa, rabi ya tsaya a zare.

Malamin makaranta ya matsa gefe, ya buga igiyar gadon da tafin hannu. Niamat ya zauna. Igiyar ta ɗan lotsa da shi, ya ji ashe daga nan gonar ta fi kyau, ana ganin har bishiyoyin ƙarshe.

Chaudhry ya tsaya yana kallon bindigar. Ya ajiye 'yar Jamus ɗinsa a jikin bishiya, ya miƙo hannu.

"Kawo in gani."

"Bhai ji, asuwaki fa."

"Gonata ce. Kawo."

Aka rataye sabon lemo, babba. Chaudhry ya gyara tsayuwa, ya saita da kyau yadda mai tsadar bindiga yake yi, ya harba. Ganye ya faɗo a hagu. Ya sake, wani ganyen ya faɗo. A ta uku wata kurciya da ba ta san ana yi ba ta tashi daga wata bishiya dabam. Dattawan suka lulluɓe fuska da barguna, bargunan suna rawa.

Chaudhry ya juya bindigar, ya duba zaren, ya duba Niamat.

"Yaya kake yi da ita?"

Niamat ya buɗe baki zai faɗi amalanken raƙumi da shekarar ambaliya. Sai ya dubi rabin lemon nan da ke lilo, ya ga ai ba a tabbatar da komai ba tukuna. Wa ya san abin da ƙwaya take ji idan ta bar gida?

"Zuciya ce take ja, Bhai ji," ya ce. "Sai an bar mata wuri."

Ya karɓi bindigarsa ya ɗora a cinya. Can gefe buta ta fara kuka a kan murhu, ruwa yana ɗaga murfi. Kowa ya dubi kowa, duk suna zaune, duk da bindiga a hannu. Mutum ɗaya ne kawai a tsaye, hannunsa babu komai. Chaudhry Inayat ya yi tsaki, ya naɗe bakin rawaninsa a hannu saboda zafi, ya ɗauko butar. Niamat ya miƙa kofinsa, ya ɗan matsar da shi dama.